Shafin da Mani Ya Bari a Buɗe

Yayana Sha'ibu ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin moɗar kafin ya sha. Hatsi yake saidawa a kasuwar Dogon Dutsi, kuma ko tiyar da ya saya da hannunsa bai gama yarda da ita ba. Da can dariya muke masa. Yanzu na daina.

Ƙanenmu Mani ya tafi ci-rani Aljeriya bayan girbi. Da farko yana kira, daga baya wayarsa ta daina shiga, shiru kake ji. Abin da ya bar mana shi ne tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, kuma shafinsa na fesbuk a buɗe yake a cikinta, ana kunnawa sai ka gan ka ciki, ba a tambayar kalmar sirri. Ta nan na yi ta bin abokan tafiyarsa ina cewa ni ce Afra'u, yayarsa. Da ƙyar wani Issa, ɗan Kore Mairuwa da ke Tamanraset can Aljeriya, ya amsa. Ya ƙi ba da lamba, ya ce wayar aro ce, kuma shi ba ya buɗe saƙon wanda bai sani ba, sunan Mani da ya gani ne ya sa ya kula ni. Ya ce ya ji labarin wani yaron wajenmu a wurin aikin gini, zai je ya duba ya rubuto. Wannan saƙo muke jira, ni da Inna, ko abinci ba ya mana daɗi.

Ana haka batir ɗin ordinatar ya mutu. Norbert, abokin Mani tun lakkol, wato makarantar boko, ya zo ya canja shi. Da zai tafi ya ja mini kunne kada kowa ya share abin da ake kira kukis. Ya ce 'yan alamomi ne da shafuka ke ajiyewa don su gane na'urar, in aka goge su shafin zai manta da mu, ya nemi kalmar da Mani kaɗai ya sani. Sha'ibu na tsaye a bakin zaure, ya ji komai. Ni kuwa na san halinsa.

Tun daga ranar ya saka Norbert a gaba. Wai mutum ya buɗe cikin kayanka, ya rufe, sannan ya ce akwai wurin da ba a taɓawa, to me ya ajiye a can? Da ya ga tallar motocin Agadas a gefen shafin kuwa, sai abin ya ƙaru. Ya ce jiya muka yi zancen Agadas a tsakar gida, yau ga shi a allo. Na ce ni na bincika kuɗin mota, tunda ta can ake bi zuwa Aljeriya. Ya dube ni sama da ƙasa, na ga ni ma na shiga sahu. Issa ma bai tsira ba, wai ƙila cikin masu kama 'yan ci-rani yake, suna auna ƙarfin gidanmu. Ban ce babu irinsu ba, akwai su, amma haba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na dawo daga gidan suna na tarar da Sha'ibu a rumfa, ordinatar a cinyarsa. Wani mai saida wayoyi ya nuna masa inda ake shiga wurin kukis ɗin. Ya juyo mini da allon, ga sunaye nan rututu, wasu ma ba sa karantuwa, yana ja suna ta fitowa.

"Diba nan," in ji shi. "Su wa na waɗanga? Wa ya shigo da su gidanmu?"

Na ajiye mayafi na durƙusa, na ce ya cire duk wanda bai yi masa ba ɗaya-ɗaya, ya bar na shafin Mani kawai. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Inna.

"Ke ma maganar Norbert ɗin kike maimaitawa," ya ce, ya danna share duka.

Sunayen suka ɓace. Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙo mini, wai yanzu in duba saƙona cikin kwanciyar hankali. Na buɗe shafin. Hoton Mani babu, saƙonnin Issa babu, sai akwati biyu farare suna jiran a cika su. Wallahi ji na yi kamar a ranar Mani ya ɓace.

Sha'ibu ya ce in daina kuka, ai akwai wurin da ake dannawa in an manta. Ya karɓa ya danna. Aka rubuto da Faransanci cewa an aika lambar shiga zuwa wayar da ta ƙare da 47. Ya ciro tasa ya ɗora a gwiwa yana jira. Ya ɗaga ta sama ko rezo ne, wato sabis, ya ɗauke. Da ya gaji ya tambaye ni wa ke da arba'in da bakwai a gidan nan, in je in karɓo.

Na ce, "Yaya, wayar Mani ce."