Manyan Baƙi Saba'in da Biyu

Laifin Luka ne, kuma har gobe ina gaya masa.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyarmu ta masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara. Da muka shirya taronmu na farko a wani ɗakin taro a Mando, Luka shugabanmu ya dage sai tsarin taron ma ya zama a buɗe. Ya ɗora takardar a intanet, ya watsa adireshinta, wai duk mai gyara ya gyara.

"Aƙidarmu ke nan, Deborah," in ji shi. "Ba ma kulle komai."

Ni ce mai gabatarwa. Babban jawabi kuwa na Na'ima ne. Shekara guda ta yi tana haɗa manhajar da ke sanar da mutanen Unguwar Shanu idan ruwan famfo ya zo layinsu: wanda ya ga ruwa ya danna, wayoyin maƙwabta su yi ƙara. Mahaifiyarta, Inna Delu, ba ta taɓa yarda wannan aiki ne ba. Cewa take yarinya ta gama jami'a ta dawo latse-latse. Taron ma ta ce ba ta zuwa, tana da abincin biki. Burin Na'ima ɗaya ne, a ɗauke ta bidiyo mutane na saurarenta, ta kai wa Inna. Ɗakin kuma namu ne zuwa ƙarfe biyu, daga nan 'yan biki su karɓa.

Da safiyar Asabar na buga takardar, na ga abin da ya fi ƙarfina. Manyan baƙi uku muka rubuta, sun koma saba'in da biyu. Kowa ya shiga ya ƙara sunansa, mai kunya ya ƙara na kawunsa. Ga Uban Taro, ga Uban Taro na Biyu. Wani mai gyaran waya daga Kinkinau ya naɗa kansa Babban Baƙo Mai Sa Ido.

"A goge," na ce.

"Ba a goge gudummawar al'umma," in ji Luka, ko kunya.

Aka kwashe kujerun 'yan kallo aka jera su a teburin manya. Mutum huɗu suka rage a ƙasa, biyu direbobi ne. Kun kuma san mutanenmu, ba a kiran sunan babba a wuce bai tofa albarkacin bakinsa ba. Kowa ya miƙe sai ya ce ba zai ci lokacinmu ba, sannan ya cinye shi tas. Ƙarfe ɗaya da rabi ina kan na arba'in da ɗaya. Na'ima na gefe rungume da kwamfuta, idanunta sun cicciko. Tausayinta ya kama ni, na ji kamar in shaƙe Luka da wayar lasifika.

Ana raba abinci manya suka tuna suna da uzuri, suka watse. Ƙarfe biyu daidai sai ga mata sun shigo da kulolin biki, Inna Delu a gaba. Ashe bikinta nan ne.

"Ke, nan ne taron naki?" ta tambayi 'yarta. "Ina mutanen?"

Na'ima ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na fizgi lasifika.

"Iyayenmu mata, don Allah a ajiye kuloli, minti biyar kacal!"

Na'ima ta kunna majigi, ta fara bayani. Wata mai suna Laraba ta katse ta.

"Yarinya, layinmu na bayan masallaci fa? Ban gan shi ba."

"Faɗi sunansa, Mama, in ƙara yanzu."

Nan fa wuri ya kaure, kowacce na kiran layinta. Luka ya matso kunnena yana cewa ga amfanin buɗewa, na taka masa ƙafa.

Sai kwamfutar ta yi ƙara: ruwa ya zo layin su Na'ima. Inna Delu ta taɓe baki, ta kira gida.

"Hassana, murɗa famfon nan in ji."

Ta kasa kunne. Har mu muna jin ruwan yana zuba a bokiti.

Inna Delu ta kashe wayar, ta dubi 'yarta. Sannan ta nufi teburin manya, ta ture kwalin da aka rubuta Uban Taro, ta zauna ta gyara mayafi.

"Ku yi mana shiru, 'yata ce ke magana," ta ce. "Na'ima, faro daga farko."