Takalmin Doki a Garin Ƙanƙara

Maidaji ɗan kasuwar takalma ne a Guangzhou, kuma bai iya cewa "ban sani ba". Wannan hali nasa yana ba mutane haushi ƙwarai.

Ƙanensa Izzuddeen ya samu aikin kula da dawaki can arewacin China, inda ruwa ke daskarewa a buta. Ran nan ya turo saƙon murya: "Yaya, takalmin doki, mai zafi ko mai sanyi ya fi dacewa lokacin ƙanƙara? Jibi maigidana zai gwada ni. In na kasa, sallama ce."

Kan Maidaji ya ɗaure. Shi dai a Kano bai taɓa ganin doki da takalmi ba. Amma ai takalmi sana'arsa ce, sai ya hau mota zuwa Shiling wurin masu aikin fata. Duk shagon da ya shiga ya kwatanta ƙafar doki da hannu, sai a ce masa "meiyo", wato babu. Da ƙyar wata mata ta ɗinka masa huffi huɗu masu gashi a ciki. Ya ɗauki hoto ya tura, yana ta jin kansa.

Izzuddeen ya kira. "Yaya, mene ne wannan? Ƙarfe ne fa! Ko a gasa shi ya yi ja, a danna a kofato ya zauna daidai, ko a buga shi da sanyinsa."

"A danna wuta a ƙafar dabba? Subhanallahi! Kai Musulmi ne kuwa? Mai sanyi za ka yi, na gama magana."

"Amma Yaya, kamar na ji suna cewa..."

"Ni ne babba ko kai?"

Izzuddeen bai taɓa musu da yayansa ba, ranar ma bai fara ba. Bayan gwajin ya sake kira. Kofaton ya yi tauri saboda sanyi, ƙarfen ya ƙi zama, ƙusa ta kauce ta taɓa nama. Dokin yana ɗingishi, shi kuma an ce ya haɗa kayansa.

Tausayin yaron ya kama Maidaji. "To ni tausayin dabbar na ji. Ba wutar ce mai ciwo ba?"

"Kofato ba ya jin wuta, Yaya. Ƙusa yake ji."