Furosesa Mai Haƙora Ɗari Huɗu da Saba'in da Takwas

"Danna ta da kyau," in ji Alhaji Maharazu. "Sabuwa ce, dole ta yi gardama."

Kabo mai gyaran rediyo ya sake ɗora babban yatsansa a kan furosesar, ya danna har farcensa ya yi fari. Ba ta shiga ba. Ya juya ta gabas, ya juya ta yamma, ya hure gurbin da bakinsa, ya sake gwadawa. Ko motsi.

Kwamfutar tana kwance a kan tebur, an buɗe mata ciki kamar akuya a hannun mahauci. Shagon ɗan ƙarami ne, Alhaji ya fitar da shi daga jikin zaurensa a nan Daura, ya ba 'yarsa Amatullahi bayan ta gama koyon kwamfuta a Katsina. Tun da aka ƙaddamar da shari'a mata suka fi son kawo takardunsu wurin mace 'yar'uwarsu, sai aiki ya yi mata yawa. Kwamfutar kuwa ta tsufa. In an kunna ta, mutum yana iya zuwa ya yi alwala ya dawo ba ta gama buɗe ido ba. Guzuma Alhaji yake ce mata.

Da zai tafi Kano rakiyar shanu, Amatullahi ta ba shi 'yar takarda. Ta ce ƙwaƙwalwar kwamfutar za a canza, ita ce ake kira furosesa, kuma ta rubuta masa irin wadda za ta dace da madabod ɗinta, wato babban faifan nan kore da komai na ciki yake zaune a kansa. Ta ce ya miƙa wa mai shago takardar kawai.

To, Alhaji Maharazu shekararsa arba'in yana shiga kara. A kara ba a nuna dabbar da aka zo dominta. Wanda ya shigo ya tsaya a kan bijimin da ransa yake so, ya gama sayen sa da tsada tun bai buɗe baki ba. Saboda haka da ya isa shagon kayan kwamfuta a Kano, takardar tana aljihunsa, a nan ta zauna. Ya taya talabijin ɗin kwamfuta, ya raina. Ya taya waya, ya raina. Sai da ya juya kamar zai fita, sannan ya ce, "Af, wai kuna da 'yar ƙwaƙwalwar nan?"

Mai shago ya fito da biyu, ya tambaye shi wane irin madabod ne da su. Alhaji ya ce shi saye ya zo yi, ba amsa tambayoyi ba. Ya kifa su a tafin hannunsa, ya ga ƙananan tsinkaye jere a ƙarƙashinsu kamar haƙoran matsefi, ya tambayi adadinsu. Aka ce wannan ɗari uku da saba'in, wannan ɗari huɗu da saba'in da takwas, kuma ita ce sabuwar fitowa, ta fi gudu. Magana ta ƙare. Ba a taɓa jin mutum mai hankali ya bar dabbar da ta cika baki ya ɗauki mai ƙarancin haƙora ba.

Da safen nan Amatullahi ta tafi barkan haihuwa. Alhaji ya ga dama ta samu, ta dawo ta tarar da guzumarta ta zama karsana. Ya kira Kabo daga ƙetaren titi.

Suna cikin dannawa Amatullahi ta yi sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi tebur, ta dubi sukundireban da ke hannun Kabo.

"Baba, ina takardar da na ba ka?"

"Tana nan lafiya," ya taɓa aljihu. "Ko lanƙwasa ba ta yi ba."

Ta karɓi sabuwar furosesar ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba ta gidan nan ba ce. Gurbin madabod ɗinmu ramuka ɗari uku da saba'in ne, kuma ka ga wannan ta fi shi ƙanƙanta. Ko shekara za a yi ana dannawa ba za ta zauna ba."

"Ta fi waccan haƙora da ɗari da takwas. Na lissafa."

"Shi ya sa, Baba."

"A rage mata mana," in ji Kabo. "Ina da filaya."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Ina tsohuwar? A mai da ta. Ina da aiki a ciki."

Kabo ya yi tari. Ya ɗaga wata jarida, ga tsohuwar furosesar a ƙarƙashi. A jikin gurbinta akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗagawa ta saki da kanta. Kabo bai san da shi ba, sai ya sa sukundireba ya ɓanɓaro ta kamar murfin gwangwanin madara. Haƙoran gefe guda duk sun kwanta, kamar gero bayan iska mai ƙarfi.

Amatullahi ta zauna a kan benci. Ta ce, "Yau Alhamis."

"Alhamis ce," in ji Alhaji.

"Yau Inna Hasana za ta zo."

Alhaji ya san Hasana. Matar marigayi Auta ce, mutumin garin Babban Mutum, wanda ya taɓa sayen tumaki a hannun Alhaji. Bayan rasuwar Auta ƙaninsa ya ce gonar da take nomawa ita da 'ya'yanta huɗu aro ce, kotu kuma ta ba shi gaskiya. An ba ta kwana talatin ta ɗaukaka ƙara. Amatullahi ta yi sati tana buga mata bayanan shari'ar da hujjojinta, shafi ashirin da uku, saura a fitar da su a takarda. Yau ne kwana na talatin, kuma magatakarda ya ce duk wanda ya wuce ƙarfe biyu ya tarar da ƙofa a rufe. Shafukan nan suna cikin guzuma, guzuma kuwa ba ƙwaƙwalwa.

"A kai wa Sada na bakin tasha mana," in ji Kabo. "Ai shi ma yana da kwamfuta."

"Sada yana Kongolam wurin ta'aziyya tun jiya, da makullinsa."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Kafin wani ya sake magana, sai ga sallamar Hasana. Doguwar mace ce siririya, da hijabi ruwan toka da jakar leda. Ta gaida Alhaji, ta gaida Kabo, ta leƙa cikin kwamfutar.

"Malama, rashin lafiya ta yi?"

Amatullahi ta gaya mata komai, ba ta rage ba, sai dai ba ta ambaci sunan kowa ba. Ba a bukatar hakan. Mutum biyu ne a ɗakin suke kallon ƙasa.

Hasana ba ta yi kuka ba. Ta ce a ba ta ta gani. Ta kai tsohuwar furosesar bakin ƙofa inda haske yake, ta karkata ta.

"Sun karye ne, ko sun kwanta?"

"Sun kwanta. Amma in ɗaya ya karye, shi ke nan."

"Wa zai tashe su?"

Kabo ya miƙo filayarsa. Amatullahi ta ce masa, cikin ladabi, an ji kamar ana kiran sa a shagonsa. Bai tafi ba, amma ya mai da filayar aljihu.

Hasana ta buɗe jakar ledarta ta fito da hular da take ɗinkawa, da allura a soke a jikinta. Da ɗinkin hula take ciyar da yaran tun da Auta ya rasu, ko a mota ba ta ajiye shi. Ta zauna a dokin ƙofa, ta shimfiɗa hular a cinyarta, ta ɗora furosesar a kai, ta yi bisimilla.

"Layi za su yi, kamar zare?"

"Layi, Inna. Ta kowane ɓangare aka hango."

"Alhaji, ka tare mini haske."

Alhaji Maharazu, wanda a kara in ya tsaya dillalai ke matsawa, ya matsa.

Ta sa bakin allura a gindin haƙori na farko, ta ɗaga shi kaɗan, ta bar shi, ta koma na biyu. Ba ta miƙar da kowanne gaba ɗaya. Sai ta bi layin duka da kaɗan-kaɗan, sannan ta dawo farko. Amatullahi ta durƙusa kusa da ita tana hango layin da ido ɗaya. Mai rake ya zo wucewa ya tsaya kallo, Alhaji ya kore shi da ido.

Sha biyu da rabi aka gwada. Amatullahi ta ɗaga ɗan ƙarfen nan, ta ajiye furosesar a gurbinta. Gefe uku suka zauna, gefe guda ya tsaya.

"A ɗan danna," in ji Kabo.

"Kabo," in ji Alhaji, "in ka sake cewa a danna, sai na danna ka."

Hasana ta karɓa ta koma bakin ƙofa. Alhaji ya sunkuya a kanta yana ƙirga da leɓe, sai ya miƙe zumbur.

"Innalillahi! Ga giɓi nan. A kusurwa biyu. Sun karye!"

"Haka aka haife ta, Baba. Giɓin ne yake nuna yadda za ta zauna."

"Da giɓi aka sayar mana da ita tun farko?"

"Da shi."

A ransa bai yarda ba, amma yau ba ranar da zai yi musu ba ce.

Aka kira sallar azahar. Alhaji da Kabo suka tafi masallaci. Addu'ar da Alhaji ya yi bayan sallama ta fi ta kullum tsawo, har liman ya waiwayo. Da suka dawo ɗaya da rabi ta gota. Suka tarar Amatullahi ta riƙe furosesar a saman gurbin da yatsa biyu. Ta sake ta. Ta faɗa da kanta, ba ƙara, ba dannawa. Amatullahi ta kwantar da ƙarfen, ta mai da fanka a kai, ta jona wayoyi, ta kunna.

Fanka ta juya. Talabijin ɗin ya tsaya baƙi.

"Ta mutu?" in ji Hasana.

"A'a, Inna. Haka take yi. Sai ta gama tunani."

Suka tsaya su huɗu suna jiran guzuma ta gama tunani. Alhaji, wanda wata shida yana zagin jinkirinta, ya zuba mata ido yana jira kamar kowa. Can ta yi 'yar ƙara ɗaya, rubutu ya fito.

Firinta ta shiga fitar da shafuka ɗaya bayan ɗaya, ita ma ba gaggawa gare ta ba. Biyu saura minti goma sha biyu shafi na ashirin da uku ya faɗo. Alhaji ya riga ya fita titi ya tare wa Hasana mota da kansa, yana riƙe da ƙofa kamar yaron mota. Ya shiga gaba. A ƙofar kotu ya tsaya a waje, bai zauna ba, har ta fito da 'yar takarda mai hatimi a hannu.

"An karɓa," ta ce. "Sun ce wata mai zuwa za a saurara."

"Alhamdu lillahi. Hasana, abin da ya faru yau..."

"Allurata dai ta lanƙwashe, Alhaji."

Ya saya mata fakiti guda a hanyar tasha.

Da la'asar ya dawo shago. Amatullahi tana buga wata takarda, guzuma tana tafiya da saurinta na jiya. Sabuwar furosesar tana gefe a cikin kwalinta. Ya ɗauka ya kifa ta a tafin hannu.

"Yanzu wannan, me take bukata ta yi aiki?"

"Sabon madabod irin nata. Shi kuma ba zai karɓi ma'ajiyar aikin da ke cikin wannan ba, sai an sayi tasa. Akwatin wutar ma sai an canza."

"Me zai rage na guzuma?"

"Kwanson ƙarfen na waje. Da wayar wuta."

Ya jinjina kai. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da 'yar takardar da ta ba shi, har yanzu ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya ajiye mata a kan tebur.

"Ran Asabar ki shirya, za mu Kano. Ke za ki nuna wadda ake so."

"To, Baba."

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya juyo.

"Amma ba da shigarmu ba. Sai na fara taya talabijin."