Kiran Mai Haƙan Kabari

"Inna, Baba ne ya ce don Allah ki leƙo."

Nana ba ta ɗago daga waken da take tsinta a faifai ba. Mansura ce a bakin darni, 'yar maƙwabcinta Malam Maharazu, idanu sun yi jajur. A Funtua take aure, jinyar uban ce ta kawo ta Bakori.

"Ki ce masa aiki nake."

"Jikin fa ya yi tsanani, Inna. Tun jiya ko koko ba ya wucewa."

"Allah ya sawwaƙe."

Yarinyar ta ɗan tsaya, sannan ta juya. Ba yau ya fara aiken ba, kuma Nana ta tabbata ta san abin da yake nema. Yafiya ce. Mutum in ya ga kabari ya matso sai ya tuna da waɗanda ya cuta. To ita ba za ta ba shi ba, ya je can ya yi bayani.

Mutanen ƙauyensu, Gidan Kanya, da manyan abubuwa suke ƙirga shekaru: shekarar fara, shekarar da auduga ta yi daraja har manoma suka sayi kekuna, shekarar da rafi ya cinye gada. Yanzu duk an bar waɗannan, daga Talata ake ƙirga komai. Ranar ce 'yan bindiga suka shigo a kan babura ana tsakiyar girbi, suka ƙone rumbuna, suka kashe wanda kwanansa ya ƙare. Isah, autan Nana, yana cikinsu. Maza suka yi wa gawawwakin salla a gurguje, suka kwashi mata da yara suka yo bayan Bakori. Malam Maharazu, da yake shi ne mai haƙan kabarin ƙauyen, shi kaɗai ya tsaya rufewa.

Abin da ya tsaya wa Nana a wuya ke nan. A layinsu gidansa kaɗai wuta ba ta taɓa ba. Kuma tun da aka dawo nan, duk bayan ɗan lokaci sai ya saɓi gatari ya nufi kufan, inda ko 'yan sa-kai ba sa taka ƙafa, ya dawo da yamma ko ƙwarzane babu. Ruwa dai ba ya tsami banza. Da ɗan gari akan ci gari, in ji majalisar bakin masallaci, kuma ba a jima ba aka daina matsa masa a tabarma. Shi ko uffan. Shirun nan nasa ya fi komai ƙona mata rai.

Bayan azahar Nana ta ji salatin Mansura ta ƙetaren darni. Ta ajiye faifan, ta yafa mayafi. Maƙwabci ya mutu, dole a shiga; amma in za a faɗi gaskiya, ɗakin take son gani. Ta san masu kai rahoto daji ba sa rasa waya mai tsada ko buhun shinkafa a ɓoye.

An rufe shi da wani tsohon zane. Idonta ya zaga: tabarma, buta, carbi a ƙusa, gatari a lungu. Ta leƙa har bayan ƙofa. Babu komai, kuma wannan ma bai wanke shi a wurinta ba, don mai wayo ba ya ajiya a gida.

"Allah ya jiƙan rai," ta ce da ƙyar. Ta rage murya. "Ya faɗi abin da yake zuwa yi a kufai?"

Mansura ta dube ta. "Ƙaya yake sarewa, Inna."

"Ƙaya?"

"Ya ce ranar shi kaɗai ne, ramukan ba su yi zurfi ba. Da ƙaya yake rufe su saboda karnuka da kuraye. In ta ruɓe sai ya koma ya sa sabuwa."

"Su kuma mutanen dajin suna kallo su ƙyale shi? Don kyansa?"

"Akwai nasu da suka faɗi ranar, ya binne su a gefe. Ya ce gawa gawa ce. Shi ya sa ba sa taɓa shi. Ya san in gari ya ji, ba za a tsaya jin sauran ba."

Nana ta so ta ƙi yarda. Gidan da bai ƙone ba yana nan tsaye a ranta, kuma babu mai amsa mata wannan yanzu.

"To ni kiran me yake mini?"

Mansura ta share ido da bakin mayafi. "Kabarin Isah. Ya ce ko ba jima ko ba daɗe za a koma gida, kuma ba wanda ya san na wane ne wanne sai shi. Ya ce shi Isah ware shi ya yi, ya sa shi a gindin wata bishiya da kika sani."

Nana ta dafa bango. Mace ba ta bin gawa maƙabarta, kuma a ranar gudu ko waiwaye ba ta yi ba. Duk tsawon lokacin nan ba ta da inda za ta ce nan ɗanta yake. Ashe amsar na bayan darninta, tana ta aiko mata.

"Wace bishiya? Mansura, wace?"

"Na roƙe shi ya gaya mini. Ya ce ni na daɗe da barin ƙauyen, zan rikita kwatancen. Ya ce a bari ki zo, ai za ki zo."

Da la'asar aka fito da shi. Mutanen ba su da yawa, wasu ma daga nesa suka tsaya suna kallo, hannu a baya. Nana ta tsaya a ƙofar gida ta bi makarar da ido har ta sha kwana ta bayan gonar dawa. Ta daɗe a wurin, leɓɓanta na motsi. Mai wucewa zai ce addu'a take. Bishiyoyin Gidan Kanya take kira ɗaya bayan ɗaya: tsamiyar bakin rijiya, ɗorawar gona, kukar hanyar rafi.