Rana a Hanyar Gidan Yaya

Ta daɗe da ajiye aikin asibiti, amma har yanzu Sista kowa yake kiranta, har yayanta ma, in yana son tsokana. Ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida a yammacin gari, ɗanta yana aiki a birni mai nisa. Majinyacin da ya rage mata a duniya shi ne Yaya. Ciwon suga ya kama shi, matarsa ta rasu, hannunsa kuma yana rawa, ba ya iya yi wa kansa allura. Gidansa yana can ƙarshen gabas. Kullum da sassafe takan tayar da tsohuwar motarta ta je ta yi masa allura, su wuni suna musun wanda ya fi wani rigima suna yara, ta yi masa ta yamma, sannan ta kamo hanyar gida.

Da safe rana tana gabanta, da yamma ma tana gabanta. Shekara da shekaru abin bai dame ta ba, sai bana da hasken ya fara watsuwa kamar an kwara madara a gilashin motar. Ta wanke gilashin ciki da waje, bai yi ba. Ta sayo baƙin tabarau.

"A'a," in ji Yaya da ya gan ta, "yau kuma 'yar fim muka samu?"

"Miƙo hannu, kar surutu ya sa in soke ka a kunne."

Wata la'asar aka yi ruwa aka ɗauke, rana ta leƙo ƙasa-ƙasa, kwalta ta jiƙe tana walƙiya. Da Sista ta iso danja, ta rasa wace fitila ce a kunne. Ta ga motar gefenta ta motsa, ita ma sai ta saki birki, ashe waccan kwana za ta yi. Ihu ta ji kafin ta ga komai. Ta taka birki da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Da ta kare ido da tafin hannu, sai ga wani mai baro a tsaye daf da hancin motar, jarkokinsa suna tangal-tangal.

Bai zage ta ba. Zagayowa ya yi ta taga ya ce, "Mama, ba ki gan ni ba ne?"

"Wallahi ban gan ka ba, ɗana."

Ya girgiza kai ya tura baronsa. Ita kuwa ta gangara gefen titi ta kashe mota, ta zauna har rana ta ɓuya a bayan gine-gine.

Likitan idon da ta je wurinsa, a hannunta ya koyi saka ruwa a jijiya tun tana aikin asibiti. Ya haska mata fitila ya ce, "Sista, yanar ido ce, duka biyun. A inuwa kina gani lafiya, amma in haske ya bugo ta gaba, yanar tana tarwatsa shi. Ga shekaru kuma, in haske ya kashe ido, yana daɗewa bai dawo ba."

"To, kankare min ita mana."

"Sai hawan jininki ya sauka. Kafin nan kar ki tuƙa sai rana tana tsaka."

'Yar Yaya, wadda take aure a wani gari, ta shirya da wata nas maƙwabciyarsa ta riƙa yi masa allurar. Sista ta koma zuwa da tsakar rana, lokacin da Yaya yake barcinsa. Takan zauna a kujerar bakin gado tana jin kukan fanka, ta ninke masa kayan da an riga an ninke, ta buɗe firij ta ƙirga kwalaben maganin allurar da ba ita za ta taɓa ba. Da inuwar katanga ta fara tsawo sai ta ɗauki jaka. Sau da yawa a lokacin yake buɗe ido.

"Har za ki tafi? Ko faɗa ba mu yi ba."

"Gobe ka tashi da wuri, ina da ajiyar maganganu."

Ta so ta tare a wurinsa, amma 'yar ta riga ta yanke shawara. "Gwaggo, ke ma fa lallaɓawa kike yi. Bari in ɗauke shi ya dawo wurina, kowa ya huta." Gaskiya yarinyar ta faɗa. Sista da kanta ta shirya masa jakar magunguna, ta cusa ƙanƙara a gefen kwalaben.

Bayan wata biyu aka yi mata aikin ido ɗaya, daga baya aka yi ɗayan. Da aka cire bandeji ta ga ashe labulen falonta shuɗi ne tas, ba ruwan toka ba. Likita ya ce ta tuƙa duk lokacin da ta ga dama.

Ta kira Yaya ta gaya masa. Kunnensa ya yi nauyi a waya, sai da ta maimaita.

"Madalla! To ki zo mana. Wadda take min allura a nan kamar da ƙusa take yi."

"Tafiyar wuni guda ce, Yaya, bayana ba zai ɗauka ba."

"Me kika ce?"

Can ta ji muryar jikokinsa suna kiransa cin abinci, ya ce zai kira ta anjima.

Ta ajiye wayar a kan tebur inda za ta ji ƙararta daga kicin. Ta dafa shayi, ta shanye, ta wanke kofin. Da yamma ta yi, ta fito tsakar gida ta zauna a gefen motar, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Sista, yau ba fita?"

"Babu," in ji ta. "Shigo mana, in ba ki da aiki."

"Tukunya na bari a wuta. Sai gobe in Allah ya kai mu."