Mita Talatin da Shida

Tun da safe malamar ta tsuguna a kan kwalta da tef ɗin awo a hannu. Fiziks take koyarwa a sakandare, kuma yayanta, direban motar siminti, shi ya roƙe ta ta zo. Jiya ya daki katangar wani shago, mai shagon ya karye a ƙafa. Ƙarfe goma kwamitin kamfani zai zauna a kansa.

"Gudun kilomita arba'in a awa nake yi," in ji yayan. "Ke kin san lissafi, ki yi musu bayani. Kaya ne suka tura ni."

Ta bi baƙin zanen tayoyi daga inda ya taka birki har gindin katangar. Mita talatin da shida. Ta sake aunawa, ta sami haka.

"Yaya, da arba'in kake, da ka tsaya cikin mita tara."

"To nauyin fa? Buhu ɗari biyu!"

"Nauyin da ke tura ka, shi ke danne tayoyi su kama titi. Gudu ne ya yi wannan. In ka ninka gudu, turin motar sau biyu yake zama, amma kuzarin da birki zai cinye kafin ta tsaya, sau huɗu ne. Tara sau huɗu nawa?"

Ya kawar da kai.

"Auta, ni nake goya ki zuwa makaranta. Yau ke za ki raba ni da aikina?"

Ta naɗe tef ɗin.

"Kada ka kira ni a ciki, Yaya. In an tambaye ni, ba zan rage ko mita ɗaya ba."

Amma tun jiya ya ba da sunanta a matsayin shaida. A ɗakin kwamitin, mutum uku ne a bayan dogon tebur, fanka na ta ƙara a sama. Shugaban kwamitin ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, an ce kin auna wurin. Me kika samu?"

Ta miƙe. Kafin ta buɗe baki yayan ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ku bar ta. Tamanin nake yi. Na makara ne."

An dakatar da shi wata uku. Sati biyu ko wayarta bai ɗauka ba, ita kuwa abinci ma ba ya yi mata daɗi. Ranar wata Asabar sai ga shi a ƙofar gidanta, fuska a murtuke.

"Ɗauko takalminki. Asibiti za ni duba mai shago, kuma kunyar shiga ni kaɗai nake ji."