Kafaɗar Marigayi Ottavio

Tun daga rumfar masu kifi a kasuwa wata mata take bin sa a baya, ba ta kallon komai sai kafaɗarsa. Alwyn Treloar ya tsaya sayen albasa, ta tsaya. Ya ratsa ta wajen masu cuku ya fito bakin titi, ta fito. Da ya isa tashar tarago, jirgin ƙasan cikin gari, sai ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya juyo.

"Baiwar Allah, na yar da wani abu ne?"

"Yi haƙuri," in ji ta. "Don Allah ɗan juya ka ba ni baya."

Za ta yi shekara hamsin, sanye da baƙar kwat wadda kallo ɗaya ya isa ka san mai tsada ce. Ya juya. Sai ya ji tafin hannunta a kafaɗarsa ta hagu, wadda rataya jakar wasiƙu na shekara talatin da ɗaya ya sauke ta ƙasa da ta dama. Hannun ya daɗe a wurin.

Sunanta Loredana Zanolla. Ita ke riƙe da gidan ɗinkin da mahaifinta Ottavio ya kafa a titin Flinders Lane, inda alƙalai da manyan likitocin Melbourne ke ɗinka kayan sanyinsu. A tsaye ta yi masa bayani, iskar Afrilu tana tara busassun ganye a ƙafafunsu. Bana yayi ya juyo. Masu hali sun koma wa doguwar kwat mai faɗin kafaɗa, ruwan ƙasa da ruwan toka, irin wadda mahaifinta ya yi suna da ita shekara hamsin da suka wuce. So take ranar baje kolin kayan sanyin bana a fito da kwat bakwai da ya ɗinka wa kansa, kuma ba ta yarda almakashi ya taɓa su ba. Wata uku ana kawo mata samari masu tallan sutura, babu wanda suka zauna wa, domin kafaɗar Ottavio ta hagu a sauke take.

"Shi mai kayan fa?" in ji Alwyn.

"Shekara tara ke nan da ya tafi kamun kifi kan duwatsun bakin teku. Motarsa kaɗai aka samu."

Da ya ba matarsa Noelene labari, sai da ta ajiye wuƙar da take yanka kabewa don dariya.

"Kai? Kai da ka je bikin 'yarka da aron wando? To je ka, tsohon nan. In ka zama tauraro ka tuna wa ke wanke maka safa."

Ɗakin awo yana hawa na uku, yana warin kafur da ulu. Wani tsohon tela mai suna Fiorenzo, wanda ya yi shekara arba'in yana yi wa Ottavio yanka, ya fito da kwat ta farko, ta gashin raƙumi, ya riƙe masa ita ta baya. Alwyn ya zura hannuwa. Kwat ɗin ta sauka a jikinsa da nauyinta ta zauna daram. Fiorenzo ya zagaya shi sau biyu da allurai a baki yana neman inda zai kama, bai samu ba. Ya cire alluran ɗaya bayan ɗaya ya mayar gwangwani, ya tafi bakin taga ya tsaya, bai ƙara juyowa ba.

Alwyn ya dubi madubi. An karkata bakin aljihun dama yadda in hannu ya shiga dole gwiwar hannu ta koma baya, ƙirji ya fito, haɓa ta ɗaga. Hannun kwat ɗin ya riga ya lanƙwashe a inda wani hannu ya saba lanƙwashewa, nasa kuwa bi kawai ya yi. Mutumin da ke cikin madubin ya yi kama da wanda bai taɓa jiran kowa ya buɗe masa ƙofa ba.

Sai a lokacin ya lura da wata tsohuwa zaune a lungu, ƙanƙanuwa, cikin baƙaƙen kaya. Loredana ta raɗa masa cewa mahaifiyarta ce, Sinyora Ersilia, kuma tun tafiyar maigidan hankalinta ya gushe, ba ta magana, abinci ma sai da lallashi. Tsohuwar ta dube shi ta cikin madubin ta faɗi wani abu da Italiyanci.

"Me ta ce?"

Loredana ce ta amsa. "Ta ce ka makara."

Ranar baje kolin ana yayyafi. Samari dogaye suka yi ta wucewa cikin sababbin ɗinki na ulun Tasmaniya, ana tafi. Da Alwyn ya fito, sai tafin ya mutu. Ya taka har ƙarshen zauren ba ya jin komai sai ƙarar takalminsa. Wani tsohon alƙali a layin gaba ya dafa sandarsa ya miƙe tsaye, bai zauna ba har sai da Alwyn ya wuce. Kafin mako ya ƙare, in ji Fiorenzo, an yi odar ɗinkin da zai kai su ƙarshen hunturu.

Alwyn ya ɗauka an gama ke nan. Amma Loredana ta tare shi a bakin matakala da kwat ɗin gashin raƙumin a hannu.

"Jiya Mama ta cinye faranti guda. Rabon da ta yi haka na manta. Ka zo mana abincin rana ran Lahadi, sau ɗaya kawai. Ka zo da wannan a jikinka."

Gidan yana unguwar Kew, babba, bayan wasu itatuwa da suka zubar da ganyensu. Cikinsa ya fi waje sanyi. Ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki ba, murhu kuma a share yake, har numfashin mutum yana fita kamar hayaƙi. Sai da suka zauna ya gane dalili: a irin wannan sanyi ba wanda zai ce baƙo ya tuɓe kwat a gaban abinci. Aka ba shi kujerar maigidan. Aka zuba masa taliya da miyar nama, da jan ruwan inabi a wani kofi mai 'yar tsaga a baki. Tsohuwar tana ci a hankali tana kallonsa. Loredana ba ta taɓa nata ba.

Sau ɗaya ya zama sau uku, ya zama sau shida. Kowace Lahadi da wata ƙaramar ɗabi'ar Ottavio da za a ƙara masa. Ya riƙa gutsurar burodi da hannu yana tsomawa a miya. Ya bar gashin gefen kunnensa ya ɗan taru. In ya ƙoshi ya ƙwanƙwasa teburi sau biyu da yatsa. "Saboda Mama," in ji Loredana, shi kuma ba ya musu. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne ya fara ɗokin Lahadi. Shekara talatin da ɗaya yana zura takarda ta ramin ƙofofin irin waɗannan gidaje, karnuka na yi masa haushi. Yanzu in ya buɗe baki sai a ajiye cokali a saurara.

Noelene ta hana kwat ɗin shiga ɗakin kwana, sai a rumfar baya ake rataye ta. A da kowace Lahadi su biyu suke zuwa bakin ruwa a Williamstown, su ci soyayyen kifi da dankali a cikin takarda. Yanzu ita kaɗai take zuwa. Wata Talata ya gama cin abinci, yatsansa ya bugi teburi sau biyu tun kafin ya ankara. Ta dubi yatsan, ta dube shi.

"Wa kake kira?"

"Ba kowa."

"To gaya wa ba kowa ya kwashe kwanonsa da kansa." Ba ta yi dariya ba.

Lahadi ta bakwai, Loredana ta tashi ta shiga kicin dafa gahawa. Ƙofar na rufuwa tsohuwar ta ajiye cokalinta, ta goge baki, ta yi magana da Turanci garau.

"Malam Treloar, matarka ba ta fara fushi ba?"

Burodin ya faɗi daga hannunsa.

"Hankalina lafiya lau yake," in ji ta. "Na san kai mai raba wasiƙu ne. Mijina ya mutu, na yi kukansa tun shekarar farko na gama. Yarinyar nan ce ba ta gama ba. Ana gobe zai tafi sun yi cacar baki a shago, a gaban ma'aikata. Ta ce masa zamaninsa ya wuce, ba mai ƙara sayen irin wannan kwat. Da gari ya waye ya ɗauki ƙugiyarsa."

"To don me kika ce na makara?"

"Na ga fuskarta a madubi lokacin da ka sa kwat ɗin. Da ma na daɗe da yin shiru, don in mutane za su ce akwai mai taɓin hankali a gidan nan, gara su ce ni ce. Na ɗauka in ta gan ka sau ɗaya ko biyu za ta huce." Ta saurari motsin kicin, ta rage murya. "Jiya ta gyara ɗakinsa, ta sauya zanen gado. Yau za ta ce ka hau ka ɗan kishingiɗa. Kada ka hau."

Loredana ta shigo da faranti, ta ajiye masa kofin a gabansa, ta juya mariƙin ya dubi hannunsa na hagu. Ta jira ya sha. Sannan ta zagayo bayan kujerarsa ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Baba, ka gaji. Zo ka ɗan huta."

Ya miƙe. Daga baya ya sha tambayar kansa me ya tashe shi. Ta riƙe shi a gwiwar hannu suka fita zaure, ƙafarsa ta taka matakala ta farko, ta biyu, ta uku. A sama akwai ƙofa a buɗe, da gado fari fes, da takalman cikin gida an jera su a gefensa. Ya ji wata gajiya ta gaske ta sauko masa, irin wadda ba tasa ba, ya ji babu abin da yake so kamar ya kwanta a gadon nan.

Ya tsaya. Ya ɓalle maɓallan, ya zame kwat ɗin, ya rataya ta a kan ƙarfen matakalar. Sanyi ya ratsa 'yar rigarsa nan take.

"Sunana Alwyn," in ji shi. "Zan tafi gida."

Loredana ba ta ko dube shi ba. Idonta yana kan kwat ɗin. Ta miƙa hannu ta gyara mata wuya, ta shafe wani zare da ya maƙale, tana magana ƙasa-ƙasa da Italiyanci. Har ya ja ƙofar gidan yana jin muryarta.

Da riga ɗaya ya koma gida cikin yayyafi. Noelene ta buɗe ƙofa ta gan shi yana rawar ɗari. Ta ɗora ruwan shayi, ta ɗauko masa tsohuwar rigar sanyinsa mai ramuka a gwiwar hannu.

Lahadin da ta biyo, ƙarfe ɗaya na rana, suna shirin fita, wayar zaure ta yi ƙara. Noelene ce ta ɗauka. Ta saurara, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Wata ce. Wai abinci yana hucewa, a ba ta babanta."

Alwyn ya zauna a bakin kujera, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Noelene ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da wayar kunnenta.

"Ba ya nan, 'yar'uwa. Ya tafi." Ta kasa kunne. "A'a. Ba zai dawo ba."

Ba ta ajiye ba. Ta jawo kujera da ƙafa ta zauna, jakarta har yanzu a hannu, tana saurare, lokaci-lokaci tana cewa, "Ina ji. Faɗi, ina jin ki."